Hannu ɗaya ya rame, ɗaya garau: me IRM da awon jijiya ke nema?

Idan hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya ta kama ramewa, ƴar'uwarta kuwa tana nan garau, abin da yawancin iyalai a Maraɗi ke fara nema shi ne hoto. A je a ɗauki radiyo, a fito da baƙin fim a ɗaga shi sama: ƙashi lafiya lau, ba karaya ba gocewa. Daga nan sai magana ta rabu biyu a gida. Wasu su ce tunda asibiti bai ga kome ba, ciwon ba na asibiti ba ne, a nemi na gida. Wasu su koma wurin likita, shi kuma ya ƙara rubuto takardu biyu, ɗaya IRM, wato hoton maganaɗisu, ɗaya ENMG, wato awon jijiya, ya ce mai yiwuwa sai an dangana da Yamai ko an ƙetara Kano. Nan ne mai biyan kuɗin ke tsayawa: "Likita, ba mun yi hoto ba? Wannan kuma na mene ne, har biyu?"

Tambayar tana kan hanya. Awon biyu ba abu ɗaya suke nema ba, kuma marasa lafiya da yawa ba sa buƙatar ko ɗaya daga ciki. Akwai kuma ƴan kaɗan da ko an yi musu IRM ɗin, in ba a yi shi ta wata siga ta daban ba, takarda za ta fito da "babu kome" alhali ciwon yana nan.

## Daga laka zuwa tsoka

Jijiyar da ake magana a kanta ba ta jini ba ce, ba kuma agara ba. Farin zare ne mai ɗaukar saƙo. Umarnin motsi yakan taso daga ƙwaƙwalwa ya gangaro ta laka, wadda ke kwance cikin ramin ƙashin wuya da na baya. A gefen gaba na lakar akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke karɓar umarnin su miƙa shi waje. Daga jikinsu zaren ke fita ta ƴan ƙofofin da ke tsakanin ƙasusuwa, a nan ana ce masa saiwa. Saiwoyi 5 ne ke hidimar hannu, likitoci na rubuta su C5, C6, C7, C8 da T1. Sukan haɗu su sarƙe tsakanin wuya da hammata, sannan su rarrabu su zama manyan jijiyoyin hannu. Ƙafa ma haka take, sai dai nata saiwoyin daga ƙugu suke fitowa.

Da wannan saƙo tsoka ke rayuwa. Ran da ya yanke, cikin ƴan makonni za ta fara zubewa, a hankali kitse ya maye gurbinta. Sai dai inda ya yanke yana canza kamannin ciwon. In a ƙwaƙwalwa ne, kamar mai shanyewar ɓarin jiki bayan hawan jini, gaɓar takan ƙage ta yi tauri, ramewar ba ta yin yawa. In kuwa daga ƙwayoyin laka ne zuwa ƙasa, gaɓar takan saki, naman ya tsiyaye, wani lokaci a ga tsokar tana ɗan harbawa a ƙarƙashin fata ba da son mai ita ba.

Abin ya yi kama da ƙwan lantarkin da ya ƙi kamawa. Laifin na iya zama na ƙwan, na waya, na makunni ko na mita. Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya fasa bangon gida duka. Yakan bi layi da abin gwaji har ya gano inda wuta ta tsaya, sannan ya fasa nan ya leƙa. Awon jijiya shi ne bin layin, hoto shi ne leƙawar.

Kafin a kai ga ko ɗaya, akwai ramewar da ba ruwanta da jijiya. Gaɓar da aka daina mora tana ramewa. Hannun da ya yi wata biyu a ɗaure wurin mai ɗori, ko cinyar matashi mai sikila da kan ƙashin ƙugunsa ya lalace har yake ɗingishi, duka za su fi ƴan'uwansu ƙanƙanta. Irin wannan radiyo na gama-gari ya kan wadatar.

## Abubuwan da aka fi gani a nan

Likitan da ke aiki a Maraɗi, Tasawa ko Madarunfa ba daga cututtukan da ba a cika gani ba yake fara lissafi. Na farko a ransa shan inna ne, musamman tsohonsa. Babban mutum da ƙafarsa ɗaya ta tsotse tun yana ƙarami, bayan zazzaɓi, kuma yana jin taɓi sosai a ƙafar, labarinsa kaɗai ya kusa ba da amsa. Ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a yankinta na Afirka, bayan an yi shekara 4 ba a ƙara ganinta ba tun waɗanda aka samu a Borno a 2016. Amma wani nau'in ƙwayar, mai yaɗuwa inda rigakafi bai game yara ba, an ci gaba da samunsa a Nijar da maƙwabta. Shi ya sa doka ba ta canza ba: duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a kai shi asibiti a ɗebi bayan-gidansa sau 2, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 na farko. Awon bayan-gida ke tabbatar da sabon shan inna, ba IRM ba.

Na biyu allura ce a ɗuwawu. Babbar jijiyar ƙafa ta nan take bi, kuma allurar da aka soka ƙasa-ƙasa ko kusa da tsakiya tana iya samunta. Kinin ya yi ƙaurin suna a wannan. Yaro ya ƙwalla ƙara a take, daga baya a ga tafin ƙafar yana faɗuwa, yana jan yatsu a ƙasa in yana tafiya. Dalilin ke nan da ya sa ake ba da shawarar yin allurar masassarar cizon sauro a gaban cinya. Raba wannan da shan inna ba kullum yake da sauƙi ba, domin yaron da ƙwayar shan inna ta riga ta shiga jikinsa, in aka yi masa allura yana cikin zazzaɓi, shanyewar ta fi faɗa wa ƙafar da aka soka. Iyaye su ce allura ce, ma'aikacin lafiya ya ce inna ce, kuma kowa yana da hujja. Nan awon jijiya ke raba gardama, kamar yadda za a gani.

Na uku kuturta. Takan kumbura jijiyar da ke bayan gwiwar hannu da wadda ke gefen gwiwar ƙafa, ƙananan tsokokin tafin hannu su zube, yatsu biyu na ƙarshe su lanƙwashe. Yawanci akwai tabo mai haske a fata da ba ya jin taɓi, amma akwai nau'in da jijiya kaɗai yake ci ba tabo ko ɗaya. Ma'aikatan asibitin Danja, kudu da Maraɗi, da yatsa da ɗan zaren gwada taɓi suke gano mafi yawanta, kuma maganinta kyauta ne tun 1995.

Sauran sanannu ne: hatsarin babur da ke fizge kafaɗa ya tsinka sarƙar jijiyoyin hannu, faifan guringuntsin wuya ko na ƙugu da ya danne saiwa, jijiyar da ta maƙale a tsintsiyar hannu, ɗorin da aka ɗaure tamau, da ciwon suga wanda kan cinye cinya ɗaya da zafi mai tsanani.

## Yadda awon jijiya yake

Kashi biyu ne, kuma yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda. A kashin farko ana manna ƴan fayafai a kan tsoka, misali tudun da ke gindin ƙaramin yatsa. Mai awon ya danna wani ɗan ƙarfe mai baki biyu a tsintsiyar hannu, ya saki wuta ƴar kaɗan. Mutum ya ji zirr, yatsa ya zabura, wani tudu ya bayyana a fuskar kwamfuta. Sai ya maimaita a gwiwar hannu, ya ɗauko magwaji ya auna tazarar da ke tsakanin wuraren biyu. Daga nan ake lissafa gudun saƙo. A hannu mai lafiya gudun ba ya kasa mita 50 a daƙiƙa, a ƙafa kuma mita 40. In gudun ya ragu ƙwarai, ko saƙon ya toshe a wuri guda, rigar da ke lulluɓe da jijiyar ce ta samu matsala. In gudun yana nan amma tudun ya ƙanƙance, zarurrukan ne da kansu suka mutu. Haka ake yi wa jijiyoyin jin taɓi ma.

Kashi na biyu shi ne wanda mutane ke tsoro. Siririyar allura ce ake sokawa cikin tsoka. Ba magani a cikinta, ba ta kuma ba da wuta, sauraro kawai take yi. Tsoka mai lafiya in tana hutawa shiru take. Wadda jijiyarta ta rabu da ita ba da jimawa ba kuwa sai a ji lasifika na ƙas-ƙas-ƙas a jere. Sannan a ce wa mutum ya ɗan yunƙura. In ciwon tsoho ne, ƙwayoyin da suka tsira sun riga sun ɗauki renon zarurrukan tsokar da suka zama marayu, don haka saƙonninsu kan fito ƴan kaɗan amma manya-manya. Da wannan ake sanin ko ɓarnar tana ci gaba ko ta daɗe da tsayawa.

Akwai wani tsari na halitta da ya ba wannan awo ƙarfinsa. Uwar zaren jin taɓi ba cikin laka take zaune ba. Tana cikin wani ɗan ƙullutu a bakin ƙofar saiwa. Saboda haka in ɓarnar tana cikin laka ko a saiwa, zaren jin taɓi na hannu ko ƙafa yana nan haɗe da uwarsa, awonsa zai fito daidai. In kuwa ɓarnar tana gaba da ƙullutun, a sarƙar jijiyoyi ko cikin jijiyar kanta, awon jin taɓin zai ragu ko ya ɓace. Yaron da ake gardama a kansa ke nan: a shan inna jijiyoyin jin taɓi lafiya suke, a ɓarnar allura kuwa sun taɓu. Ga wanda ya faɗi a babur ma wannan na da nauyi. In hannunsa ya mutu murus ba ya jin kome, amma awon jin taɓi ya fito daidai, alama ce saiwar ta tumɓuke daga jikin laka, wanda ba a iya ɗinke shi kai tsaye, sai dai a aro wata jijiya a jona.

Awon yana da sharuɗɗa. Jijiyar da aka yanke yau, guntun da ke ƙasa zai ci gaba da amsa wuta na ƴan kwanaki, sai wajen kwana 10 yake gama mutuwa. Ƙarar da allura ke nema kuwa sai bayan mako 2 zuwa 3 take bayyana. Wanda ya yi gaggawar biyan kuɗi kwana 3 bayan hatsari zai iya dawowa da sakamakon da ba ya faɗin gaskiyar ɓarnar. Sanyi ma yana rage gudun saƙo, shi ya sa ake ɗumama hannu zuwa wajen digiri 32 kafin a fara, kuma ana so a zo ba a shafa mai ba. Mai shan maganin tsinka jini ko mai na'urar bugun zuciya ya faɗa tun farko. Sannan sakamakon ya dogara ƙwarai ga wanda ya riƙe allurar: waɗanne tsokoki ya zaɓa, kuma ko ya duba gaɓar da ake ganin lafiyarta ƙalau. Abin da awon ba zai taɓa faɗa ba shi ne mene ne ya yi ɓarnar. Zai ce tana saiwar C8, ba zai ce faifai ne ko ƙari ne ba.

## Hoto suna ne, iri-iri ne

Radiyo ƙashi yake gani. Yana nuna karaya, lalacewar gaɓa, tarin fuka da ya ci ƙashin baya, ko ƙarin haƙarƙari a gindin wuya da wasu ke zuwa duniya da shi. Laka da jijiya ba sa fitowa a cikinsa sam, don haka "radiyo bai nuna kome ba" ba ya nufin jijiya lafiya take. Sikana ma hasken radiyo ce, sai dai tana yanka hoton falle-falle. Ta fi kowa iya ƙashi, amma cikin laka duhu ne a wurinta.

IRM, wanda asibitocin Najeriya ke rubutawa MRI, da maganaɗisu yake aiki, ba shi da hasken radiyo. Shi ke nuna laka, saiwoyi, fayafai, ƙari, da ramin ruwa da kan buɗe a tsakiyar laka ya rame hannu a hankali. Mutum zai kwanta cikin rami mai ƙara na minti 20 zuwa 45 ba motsi, kuma duk mai ƙarfe a jiki sai ya sanar. Ana iya juya shi kan tsokar kanta: wadda jijiya ta saki kwanan nan takan yi haske kamar ta sha ruwa, tsohuwa kuwa kitse ake gani a madadinta. Sai eko, irin na masu juna biyu. A hannun wanda ya ƙware yana nuna kumburin jijiya a kuturta, da wurin da ta maƙale ko ta yanke, ba tare da doguwar tafiya ba.

Matsalar IRM ita ce yana ganin abin da ba a aike shi ba. Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara hotunan bayan mutanen da ba sa kukan ciwon kome, ya samu faifai ya ɗan bultso a kashi 30 cikin 100 na ƴan shekara 20, da kashi 84 na ƴan shekara 80. Ke nan in aka ɗauki dattijon da hannunsa ya rame aka saka shi cikin na'urar, da wuya a rasa abin nunawa a wuyansa. Ko wannan abin ne ya rame hannun, ita ce tambayar, kuma awon jijiya ke amsa ta. Faifan da ya danne saiwar C5 ba ya bayanin tsokar da C8 ke ciyarwa. An sha yi wa mutane aikin wuya a kan abin da hoto ya nuna, daga baya ta bayyana ciwon na ƙwayoyin laka ne.

## Ciwon da ke ɓuya in wuya na miƙe

A ɗauki saurayi ɗan shekara 18, ɗan makaranta. Ba faɗuwa, ba zazzaɓi, ba zafi. Ya lura alƙalami na kuɓuce masa, maɓallin riga na ba shi wuya, kuma abin ya fi tsanani da safiyar hunturu ko in ya yi alwala da ruwan randa. In ya miƙe yatsu sai su riƙa ƴar makyarkyata. Bayan hannunsa ya yi kwarmi tsakanin ƙasusuwa, gefen damtsen da ke layin ƙaramin yatsa ya zube, amma tsokar da ke gefen babban yatsa kusa da gwiwar hannu tana nan cike, sai ramewar ta fito a karkace. Yana jin taɓi ko'ina.

Wannan siffa wani likitan Japan, Keizo Hirayama, ya fara bayyana ta a 1959, ciwon kuma yana ɗauke da sunansa. A Indiya likita Gourie-Devi da abokan aikinta sun ba da rahoton irinsa a 1984, har da masu ramewar ƙafa ɗaya. An fi samunsa a ƙasashen Asiya, amma an gan shi a sauran nahiyoyi. Samari ya fi kamawa, tsakanin shekara 15 da 25, yakan ci gaba na shekara 2 zuwa 5 sannan ya tsaya da kansa. Ba ya kisa.

Awon jijiya a nan yakan nuna jin taɓi daidai, tudun motsi ya ragu, allura kuma ta nuna tsohuwar ɓarna a tsokokin C7, C8 da T1, sau da yawa har a ɗaya hannun da mai shi ke rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Tudun gindin ƙaramin yatsa ya fi na babban yatsa lalacewa. Wannan ƙaramin bambanci yana da daraja, domin a mugun ciwon ƙwayoyin motsi mai bazuwa a jiki duka, wanda takardun Faransanci ke rubutawa SLA, akasin haka aka fi gani.

IRM na yau da kullum, wanda ake yi mutum na kwance wuya a miƙe, yana iya fitowa kamar ba kome, ko ya nuna lakar ta ɗan sirance ta gefe ɗaya a ƙasan wuya. Sai an tokare kan mutum da matashi, haɓa ta sunkuya zuwa ƙirji da wajen digiri 30 zuwa 40, sannan abin ke fitowa. Jakar da laka ke ciki takan saki bangon baya ta matso gaba, ta matse lakar a jikin ƙashi, a bayanta kuma jijiyoyin jini su cika su yi siffar jinjirin wata, wanda ke haskawa in an yi allurar ruwan hoto. A miƙe wuya, kome ya koma wurinsa. Mai ɗaukar hoto ba zai yi wannan don kansa ba, sai likita ya rubuta a takarda cewa a ɗauka wuya a sunkuye. Iyalin da ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai da takardar da ba ta faɗi haka ba, zai iya dawowa hannu rabbana.

Nau'in ƙafa ya bambanta. Hoton ƙugu yawanci ba ya nuna matsewa, amfaninsa shi ne kore faifai da ƙari. Hoton tsoka ke nuna sha-raɓa ta koma kitse. A ƙasar da shan inna ya daɗe yana ɓarna, raba shi da tsohon shan inna mai sauƙi yana komawa ne ga labarin yarinta daga bakin uwa.

## Inda masana suka saɓa

Mafi yawan likitocin jijiya, musamman na Japan, Sin da Indiya, suna kan cewa sunkuyon ne sanadi. A ganinsu ƙashin wuya ya fi jakar laka saurin tsawo lokacin balaga, jakar ta ɗame, kowane sunkuyo ya rage jinin da ke zuwa ƙwayoyin motsi, waɗanda suka fi sauran saurin mutuwa in jini ya yi ƙaranci. Hujjarsu hoton sunkuyo ne, da shekarun da ciwon ke farawa, da kuma binciken gawa da aka wallafa a 1987 wanda ya nuna alamun ƙarancin jini a wannan wuri na laka. Wasu kuwa na ganin ciwo ne na ƙwayoyin kansu. Suna nuni da cewa ana ganin ƴar matsowar jakar a wasu masu lafiya, akwai marasa lafiyar da hotonsu bai nuna ta ba, kuma bayanin sunkuyo ba ya aiki a kan nau'in ƙafa. Ɓangaren farko na amsawa da cewa matsowar tana raguwa in ciwon ya tsufa, don haka hoton da aka ɗauka a makare ba hujja ba ne.

Saɓanin ya shafi magani. Wanda ya yarda da bayanin sunkuyo zai sa wa yaro abin tallafe wuya ya hana shi sunkuyawa, sau da yawa na shekara 3 ko fiye, ko ya kai ga tiyata in ramewar na gudu. Mai ɗari-ɗari zai ce ciwon da ke tsayawa da kansa yana da wuya a san ko magani ne ya tsayar da shi. Abin wuya ba shi da haɗari, sai dai ɗaura shi shekara da shekaru a zafin bazarar Maraɗi ba ƙaramin aiki ba ne, kuma yaron da ke ɗaukar kaya a ka ko yake duƙe a gona yini guda sai an sake masa aiki. Tiyata kuwa hujjar da ke bayanta ba ta kai a yi wa kowa ba.

Akwai saɓani na biyu, na wanda za a fara yi. Likitocin tiyata sun fi son hoto da farko, don kada a yi sake da abin da ke danne laka. Likitocin jijiya sun fi son awo da farko, don a san wurin da za a ɗauka. Inda kuɗi bai isa duka biyu ba, ra'ayi na biyu ya fi sauƙi ga aljihu a ramewar da ke tafiya a hankali ba zafi: in awo ya nuna jijiyar a gwiwar hannu ta maƙale, an huta da hoton wuya. Amma akwai alamun da ke juya lissafin. Ƙafafu sun fara tauri, fitsari na kuɓucewa ko ya ƙi fita, ciwon wuya ko baya da ke hana barci tare da zazzaɓi da zufan dare, ko rauni da ke ƙaruwa cikin kwanaki. Mai waɗannan hoto yake buƙata, kuma da gaggawa.

## Abin da ya shafi mai ciwo da iyalinsa

Babbar asara a wannan fanni ta lokaci ce. Jijiyar da ke warkewa tana tsirowa da wajen milimita 1 a rana, tsokar da ta yi wata 12 zuwa 18 ba saƙo kuwa ba ta ƙara karɓarsa ko ya iso. Shi ya sa aikin jona jijiyoyin kafaɗa bayan hatsari ya fi kyau cikin wata 3 zuwa 6. Jijiyar da kuturta ta taɓa ma, in raunin bai wuce wata 6 ba, maganin rage kumburi na iya ceto ta. Watannin da ake ƙarewa ana tsaga, ana ƙaho, ana jiran a gani, daga cikin wannan wa'adi ake cire su.

Akwai kuma ciwon da ke kama da na Hirayama ko SLA amma yana jin magani. Garkuwar jiki ce ke far wa jijiyoyin motsi a wurare daban-daban, yawanci daga hannu ɗaya. Hoton wuya ba ya nuna shi. Awon jijiya ke kama toshewar saƙon, sannan a ba da ƙarin ruwan garkuwa ta jijiyar jini. Maganin yana da tsada ƙwarai, amma mai shi aƙalla zai san ba ciwon ajali aka ce yana da shi ba. A ɗaya gefen, SLA ma sau da yawa da gaɓa ɗaya yake farawa, galibi bayan shekara 40, kuma awon farko ba kullum yake raba su ba. Likitan da ya ce a dawo bayan wata 6 a sake awo ba lallai kuɗi yake nema ba. Bazuwa zuwa wata gaɓar, ko canjin murya da haɗiya, su yake jira ya gani ko ya kore.

Wanda za shi awo ya tambayi likitansa abu biyu kafin ya hau mota: wace tambaya ake son awon ya amsa, kuma me zai canza a magani in amsar ta fito haka ko haka. Ga mai tsohon shan inna da ƙafarsa ba ta canza ba shekara 30, amsar ita ce babu abin da zai canza, kuɗin sun fi amfani a takalmin ƙarfe da kine, wato motsa gaɓoɓi a hannun ma'aikacin lafiya. Ya tafi da tsofaffin takardu, ya karɓo faifan hoton ba rahoton kaɗai ba, in an yi awon jijiya kuma ya karɓo shafin lambobin.

Tsokar da ta riga ta koma kitse ba ta dawowa, ko da magani ko da gashi. Abin da kine ke yi shi ne hana gaɓoɓi ƙagewa da ƙarfafa abin da ya saura, likitan tiyata kuma na iya ɗauko agarar tsoka mai rai ya ba ta aikin wadda ta mutu, kamar yadda ake yi wa masu faɗuwar tafin ƙafa da masu lanƙwasassun yatsu bayan kuturta. Tsakanin ganin likita da ganin likita akwai awon da ake iya yi a gida da magwajin tela: a zaɓi wuri guda, misali santimita 10 ƙasa da gwiwar hannu, a auna kaurin hannayen biyu duk wata 3, a rubuta da kwanan wata, a ɗauki hoton bayan hannu da waya. Da wannan takarda likita zai yanke ko ramewar ta tsaya ko lokacin sake awo ya yi.